Sassaƙar tambur ɗin birkin tsofaffin motoci: A auna kafin a yanka

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 a wannan yanki namu, ba sai an tsaya yi masa bayanin Peugeot 404 ko 504 ba, wato motocin da muka fi sani da Fijo. Su ne suka yi jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Katsina, da Damagaram da Kano, da Ƙonni da Sakkwato. Su ne motocin manyan ma'aikata da ƴan kasuwa, su ne kuma motocin kai amarya. Haka nan Land Rover ta shiga daji, da Volkswagen mai ƙirar ƙwaro. A yau motocin Japan sun karɓe tasha, waɗancan kuwa sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba. A ranar kasuwar ƙauye akan ci karo da tsohuwar Fijo a-kori-kura ta sha buhuna tana tafe, a cikin gari kuma akwai masu riƙe da motar da suka gada, suna lallaɓa ta saboda tarihin gida.

A ƙasashen Turai kuwa irin waɗannan motoci sun zama kayan marmari. A Faransa, motar da ta haura shekara 30 tana iya samun takardar rajista ta musamman ta motocin tarihi, kuma tun daga 1976 ake gudanar da baje kolin tsofaffin motoci na Rétromobile a birnin Paris, inda masu sha'awa ke zuba kuɗi mai yawa a kan motar da a nan wani zai ce ta zama ta ƴan gwangwan.

To amma ko a Paris motar take ko a Tasawa, matsala ɗaya ce ke jiran mai ita, wato birki. Inji idan ya gaji, mota tsayawa take yi a gefen hanya a tura ta. Birki idan ya gaji, motar ƙin tsayawa take yi. Kuma galibin tsofaffin motoci da birkin tambur suke aiki, wanda gyaransa kan kai mutum wajen masu injin sassaƙar ƙarfe. A nan ne wannan bayani zai tsaya, domin aiki ne da ake yi wa kallon mai sauƙi, alhali kuwa abin da ya raba gyara da ɓarna a cikinsa bai wuce kaurin katin banki ba.

Mene ne tambur?

Abin da makanikan Nijar ke kira tambur, na Najeriya kuma ke cewa duram, wani ƙarfe ne na zubi mai siffar tasa, wanda ke juyawa tare da ƙafar mota. A cikinsa akwai takalman birki guda biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, an lulluɓe bayansu da wani abu mai kaushi da aka fi sani da ferodo. Wannan suna asalinsa na wani kamfanin Ingila ne da Herbert Frood ya kafa a 1897, amma ya bi bakin makanikai har ya zama sunan kayan. Idan direba ya taka birki, man birki yakan tura ƴar silindar da ke tsakanin takalman, su kuma su buɗe su manne wa bangon tambur ta ciki. Wannan gogayya ita ke tsayar da mota.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne gudun mota ba ɓacewa yake yi ba idan an taka birki, zafi yake komawa. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 80 a awa, idan aka tsayar da ita cak, zafin da birkinta zai sha ya kai wanda zai tafasa lita guda ta ruwa, kuma a cikin ƴan daƙiƙoƙi. Idan an ninka lodi, zafin ya ninka. Idan gudu aka ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Naman ƙarfen tambur shi ke haɗiye wannan zafi kafin iska ta kwashe shi. Ke nan tambur mai kauri ya fi jure wahala, wanda ya sirance kuwa nan da nan yake ɗaukar zafi, ya buɗe, ya nisanci takalman, sai direba ya ji feda tana nitsewa ƙasa motar kuma ba ta da niyyar tsayawa.

Daga Renault zuwa Kaduna

Wannan fasaha ta haura shekara 120. Bafaranshen nan Louis Renault ne ya yi wa birkin tambur irin na zamani rajista a 1902. A ƙarshen shekarun 1910 wani Ba'amurke mai suna Malcolm Loughead, wanda daga baya aka sauya rubutun sunansa zuwa Lockheed, ya fito da birki mai aiki da mai, kuma motar Duesenberg ta 1921 ce ta fara fita kasuwa da shi a ƙafafu huɗu. Daga sunan wannan mutum ne makanikai da yawa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci suke kiran man birki lokid har yau.

Birkin faifai, wanda ya mamaye ƙafafun gaba na motocin yanzu, ya yi suna ne bayan da motar Jaguar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans da shi a 1953, sannan Citroën DS ta fito da shi ga jama'a a 1955. Amma an ɗauki lokaci kafin ya game ko'ina. Peugeot 404 da ta fito a 1960, tambur ne a duk ƙafafunta huɗu, sai a ƙarshen shekarun 1960 aka fara sa wa wasu faifai a gaba. Da wannan mota aka lashe tseren Safari na gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da kuma 1968. Ita kuwa 504, wadda ta fito a 1968 ta kuma zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ƙaramar cikinta da faifai huɗu ta fara fitowa, amma doguwar mai layin kujeru uku da a-kori-kura, wato waɗanda suka fi shan lodi a wajenmu, tambur ne a ƙafafunsu na baya. Tsofaffin Land Rover da aka ƙera har zuwa 1985 tambur ne gaba da baya, mai faɗin inci 10 a galibin gajerun, inci 11 a dogayen. Haka ma yawancin Volkswagen ƙirar ƙwaro.

Waɗannan motoci ta hanyoyi da dama suka shigo mana. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, inda aka ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. A shekarar ta 1975 ne kuma aka fara harhaɗa Volkswagen a Legas. Ta arewa kuma, a shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun riƙa tuƙo tsofaffin Fijo suna ratso hamada ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar su koma gida a jirgi, kafin rashin tsaro na farkon shekarun 1990 ya datse wannan hanya. Motar da ta zo ta wannan hanya, dama da tsufanta ta iso. Idan har tana raye a yau, to tambur ɗinta ya sha guga na shekara 40 ko fiye, sai fa in an taɓa sauya shi.

Abin da ke lalata tambur

Babban abokin gabar tambur a ƙasarmu shi ne yashi. Ƙura da ƙananan tsakuwa kan shiga tsakanin ferodo da ƙarfe su yi ta zana layuka a bangon. Na biyu shi ne sakaci da ferodo har ya cinye, ƙusoshin da suka riƙe shi ko ƙarfen takalmin kansa su fara cin tambur. Wannan ƙugin da direba ke ji idan ya taka birki, ya ce bari a kai ƙarshen wata, kwari yake haƙawa a cikin ƙarfe.

Na uku shi ne zafi. Direban da ke gangara da kaya ƙafarsa a kan birki maimakon ya sauko da giya, dafa tambur yake yi. Idan aka cire irin wannan tambur za a ga tabo masu shuɗi-shuɗi, inda ƙarfen ya ƙone ya yi tauri fiye da sauran jikin, wani lokaci har da ƙananan tsaguwa kamar ƙasar fadama a lokacin rani. Haka kuma tambur mai zafi da aka afka da shi cikin ruwan kwazazzabo da damina, ko aka watsa masa ruwan sanyi a wurin wanki, ko aka ɗaure masa birkin hannu tamau yana tsakar zafi, yana iya karkacewa ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Alamar haka ita ce feda ta riƙa harbin ƙafar direba, mota kuma tana tsayawa da fizga-fizga.

Akwai kuma tambur da bakinsa kan fi cikinsa faɗi, da wanda tsakiyarsa ke lotsawa. Duk waɗannan sukan hana ferodo zama daram a kan bango, ƙarfin birki ya ragu, ko mota ta riƙa ja gefe guda.

Ido ba mudu ba ne

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wajen tambur, rabin farko na maganar kaɗai ke aiki. Kowane tambur yana da iyakar faɗin da masu ƙera shi suka yanke, wanda idan cikinsa ya wuce haka to ya tashi daga aiki. A kan tambur da yawa za a ga wannan lamba a jikin ƙarfen ta waje, sau da yawa bayan haruffan MAX DIA. A tsofaffi sosai da ba su da rubutun, ko tsatsa ta cinye shi, sai a duba littafin gyaran motar, irin su Revue Technique Automobile da makanikan ƙasashen Faransanci suka sani, ko littattafan Haynes na Ingilishi.

Ga misali. Tambur ɗin Volkswagen ƙirar ƙwaro, faɗin cikinsa milimita 230 ne yana sabo, iyakarsa kuma milimita 231.5. Bambancin milimita ɗaya da rabi ne kacal. Da yake faɗi daga bango zuwa bango ake auna shi, abin da za a iya ci daga jikin bangon rabin haka ne, wato milimita 0.75. Katin banki da ke aljihun mai karatu kaurinsa milimita 0.76 ne. Ma'ana, duk abin da wannan tambur zai bayar a tsawon rayuwarsa, da wanda ferodo ya ci a kan hanya da wanda inji ya sassaƙe, bai wuce kaurin kati guda ba. A ƙananan motoci da yawa na wancan zamani ƙa'idar ba ta yi nisa da haka ba, amma kowace mota da lambarta, kuma lambar da ke jikin tambur ko a littafi ita ce hukunci.

Don haka aikin farko ba na inji ba ne, na ma'auni ne. Ana auna faɗin ciki a wurare da dama, a gicciye da a tsaye, kusa da baki da can ciki, musamman a inda kwari ya fi zurfi, domin sassaƙa sai ta kai ƙasan kwarin kafin bango ya yi sumul. Ya kamata a kula da ɗan tudun da ke saura a leɓen tambur inda ferodo ba ya taɓawa, domin wanda ya auna a kansa zai ga tambur kamar sabo, alhali ciki ya cinye. Idan lissafi ya nuna cewa bayan sassaƙa za a kai iyaka ko a wuce ta, to magana ta ƙare, wannan tambur ba na hawa inji ba ne.

Haka nan ba kowane tambur ne ke bukatar inji ba. Idan layukan da ke ciki ba su da zurfi, da'irarsa kuma ba ta karkace ba, goge shi da samfefa a wanke ya wadatar. Al'adar cewa duk lokacin da aka sauya ferodo sai an sassaƙe tambur, ita ce ta kashe tambura da dama da yanzu ake nema ruwa a jallo. Ƙarfen da aka cire ba ya dawowa.

Yadda ƙwararru ke yin aikin

Idan awo ya nuna akwai sauran nama, sai a kankare tsatsa da datti daga fuskar da tambur ke zama a kai, domin ƙwayar yashi guda a wannan wuri ta isa ta sa a sassaƙe shi a karkace. Sai a ɗora shi a kan inji a tabbatar ya zauna a tsakiya. A wasu motocin, kamar ƙafafun gaba na Volkswagen ƙirar ƙwaro, tambur da mazaunin boris abu guda ne, saboda haka a kan mazaunin boris ɗin ake daidaita shi. Tambur da aka sassaƙe ba a tsakiya ba, zai fito yana sheƙi, amma a kan mota zai fi da muni.

Akan naɗe bayan tambur da roba, ko da ta tsohon tiyub ce, don kada ya yi karkarwa a ƙarƙashin wuƙar inji ya bar ƙananan tudu a bango. Daga nan sai a ɗan taɓa shi da wuƙar a ga inda ta ci da inda ta tsallake. Mai hankali yakan kwance tambur ya juya shi rabi ya sake gwadawa, don ya gane ko tambur ne ya karkace ko kuwa ɗaurinsa ne bai yi ba. Sai a fara cire tudun leɓe, a riƙa ci kaɗan-kaɗan, a tsaya da zarar bango ya yi fes. Yankan ƙarshe a hankali ake tafiyar da shi. Idan aka yi gaggawa, wuƙar takan bar zane mai kama da zaren noti, wanda zai riƙa jan takalmi gefe yana sakinsa, a riƙa jin ƙas-ƙas duk lokacin da aka taka birki.

Tabon ƙuna mai tauri kuwa wuƙa tsallake shi take yi, sai dai a bi shi da dutsen niƙa, kuma sau da yawa yakan dawo bayan an ɗan yi tafiya. Tambur mai irin wannan tabo da yawa gara a haƙura da shi.

Tambura biyu na aksil guda tare ake yin su. Akan fara da wanda ya fi lalacewa, sannan a kawo ɗayan kusa da shi, ta yadda bambancin faɗinsu ba zai wuce kwatan milimita ba. In ba haka ba, ƙafa guda za ta riƙa kamawa kafin ƴar uwarta. A ƙarshe sai a bi ciki da samfefa, a wanke da ruwan zafi da sabulu har sai farin ƙyalle ya fito ba baƙi, domin garin ƙarfen da ya saura shiga ferodo yake yi.

Takalmi ma sai ya dace

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne a ɗauka aiki ya ƙare da zarar tambur ya sauko daga inji. Tambur da aka sassaƙe ya ƙara faɗi, takalmin da aka sayo kuwa an lanƙwasa shi ne daidai da sabon tambur. Idan aka haɗa su, tsakiyar ferodo kaɗai ke taɓa bango, gefe da gefe suna lilo. Mai mota ya biya kuɗin inji, ya biya na ferodo, amma birki ya fi da rauni, kuma ɗan wurin da ke taɓawa zai yi ta ƙonewa.

Gwajin ba shi da wuya. A shafa alli a cikin tambur, a kwantar da takalmin a ɗan murza, a duba inda allin ya kama. Idan tsakiya kaɗai ya kama, akwai sauran aiki. Maganin shi ne a sa ferodo mai ɗan ƙarin kauri, a goge shi ya bi lanƙwasar wannan tambur ɗin. Masu liƙa sabon ferodo a kan tsohon takalmi, waɗanda ba a rasa su a manyan garuruwanmu, suna iya wannan idan aka kai musu tambur ɗin tare. Abin da bai kamata ba shi ne cusa gwangwani ko wani ƙarfe a ƙarƙashin takalmi don a cike giɓin tambur da ya wuce iyaka. Feda za ta taso, direba ya ji daɗi, amma siririn bangon yana nan yadda yake.

Ferodo da ya jiƙe da man birki ko man giya, ƙona shi da fetur ba ya mayar da shi sabo, sauyawa ake yi, a kuma toshe inda man ke yoyo. Takalman ƙafa biyu na aksil guda tare ake sauya su. Bayan an haɗa komai an daidaita, sai a fita hanyar da ba cunkoso a yi ta taka birki a hankali daga matsakaicin gudu, ana barin sa yana hucewa, har ferodo ya zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya, motar da aka yi wa wannan aiki da safe ba ita ce ta lodin fasinja da rana ba.

Ƙurar da ke kisa a ɓoye

Akwai haɗarin da bai shafi direba ba, makanike da yaransa ya shafa. Shekaru da dama ana haɗa ferodo da wani ma'adini mai suna asbestos, wanda Faransawa ke kira amiyant, saboda yana jure zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa kowane nau'insa yana haddasa ciwon daji, musamman na huhu da na fatar da ke lulluɓe da huhu, kuma ciwon kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 ko fiye kafin ya bayyana. Faransa ta haramta shi daga farkon 1997, Tarayyar Turai baki ɗaya kuma a 2005. Amma wasu ƙasashe ba su daina haƙo shi ba, kuma tsohon ferodo da ke cikin tsohuwar mota, ko wanda ya daɗe a ajiye a shago cikin kwalinsa, yana iya ƙunsar sa. Da ido ba a bambancewa.

Saboda haka hure ƙurar cikin tambur da iskar kwamfreso, ko da baki kamar yadda yara masu koyon aiki ke yi, ganganci ne. A jiƙa wurin da ruwan sabulu, a goge da tsumma mai laima, a ƙulle tsumman a leda a zubar. Idan za a goge ferodo, a yi shi a jiƙe kuma a fili, da abin rufe hanci na ƙwarai, domin rawani ko ƙyalle ba sa tare wannan ƙura. Kayan aiki kuma kada a haɗa su da wankin iyali. Yaron da ya shiga gareji yana ɗan shekara 12, idan ya shaƙi wannan ƙura, lokacin da ciwon zai taso yana tsakiyar ƙarfinsa ne, da iyali a wuyansa.

Sana'ar da ta yi ƙaranci a can, take raye a nan

A Turai da Amurka gareji da yawa sun daina ajiye injin sassaƙar tambur, saboda kuɗin aikin ma'aikaci ya fi kuɗin sabon tambur na motar zamani, sai a cire a jefar a sa sabo. Wannan ya sa masu tsofaffin motoci a can suke yawon neman tsofaffin masu sana'a, ko su je wajen masu gyaran birkin manyan motoci, waɗanda wasunsu har yanzu da tambur suke aiki. Motocin da aka ƙera da yawa, kamar Volkswagen ƙirar ƙwaro da aka yi fiye da miliyan 21 kafin a rufe ƙera ta a Meziko a 2003, ko tsohuwar Land Rover, har yanzu ana zuba musu sababbin tambura. Amma ga motar da ba a yi da yawa ba, tambur ɗin da ke jikinta shi ne dukiyarta. Wasu motocin alfarma, irin su Porsche 356, tambur ɗinsu na alminiyam ne da zoben baƙin ƙarfe a ciki, kuma idan zoben ya cinye sai ƙwararru na musamman ke iya sauya shi.

A wajenmu kuwa injin sassaƙa bai yi ritaya ba, domin a nan gyara ya fi saye sauƙi. Wuraren sana'ar ƙarfe da kasuwannin kayan mota irin su Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Katako a Yamai, da Suame Magazine a Kumasi ta ƙasar Gana, sun shahara wajen raya abin da wasu suka yanke wa ƙauna. Wannan abin alfahari ne, amma a nan ne kuma haɗarin yake, domin inda aka saba cewa komai yana gyaruwa, da wuya a sami mai cewa wannan ya mutu. Tambur na hannu da ake sayarwa, wanda ake kira Beljiyam ko ɗan Kwatano, shi ma sai an auna, don mai yiwuwa an riga an sassaƙe shi har iyaka kafin ya baro inda ya fito. Ko sabo fil daga kwali, idan mai araha ne, akan sami wanda da'irarsa ba ta cika ba.

Kada kuma a ɗauka wannan magana ta tsofaffin motoci ce kaɗai. Yawancin Hilux da Hiace da ke kan hanyoyinmu tambur ne a ƙafafunsu na baya, haka manyan motoci da babura da masu ƙafa uku. Hatta wasu motocin lantarki na Volkswagen, irin su ID.3 da ID.4, da tambur suka fito a baya. Sana'ar tana da sauran kwana, abin da take bukata shi ne ma'auni.

Abin da ya rage ga mai mota

Tambur da ya tsage har zuwa leɓe ko wajen ramukan noti, ba a yi masa walda. Ƙarfen zubi da aka yi wa walda yana iya fashewa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Haka wanda ya wuce iyaka, ba a cike cikinsa da walda a sake sassaƙewa. Tsofaffin makanikai kan rataye tambur su ƙwanƙwasa shi da guduma, mai lafiya ya yi ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaguwa ya yi ɗif. Dabara ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin wankewa a duba da kyau.

Mai mota ba sai ya iya tuƙa inji ba, amma yana da haƙƙin ya yi tambaya huɗu kafin ya biya: nawa ne faɗin tambur ɗin yanzu, nawa ne iyakarsa, nawa zai koma bayan an gama, kuma an gwada takalmin a cikinsa? Mai injin da ya ɗauko ma'auni ya nuna lambobi, ya cancanci kuɗinsa. Wanda ya auna ya mayar wa mutum tambur ɗinsa ya ce wannan ba ya sassaƙuwa, a je a nemi wani, ya fi cancanta, domin ya bar kuɗin da ke gabansa ne saboda mutanen da za su shiga motar, waɗanda bai sani ba, ba kuma za su taɓa sanin sa ba. Shi kuma mai mota, kada ya ɗauki tambur ɗin ya zagaya rumfa ta gaba neman wanda zai ce masa to.